Ranar Da Subiyata Ta Fashe A Aziziyya

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta ranar da na kusa zama mai dafa giya a Jidda ba, alhali ban sani ba.

Lokacin ba mu daɗe da zuwa unguwar Aziziyya ba. Maigida yana dako a tashar jiragen ruwa, ni ina gida da 'yata mai rarrafe. Da azumi ya kama, maƙwabciyarmu, wata Hajja haifaffiyar unguwar Karantina ta nan Jidda, ta koya mini haɗa subiya, abin shan buɗa-baki da ake yi da sha'ir da busasshen burodi da sukari. Ta ce a jiƙa, a bari ya ɗan yi tsami, a tace, a sa a firji. To firjinmu ƙarami ne, sai na ɗura ragowar a robobi, na murɗe murafe tam, na jera su bayan buhun shinkafa. Na manta da su, zafin Jidda kuwa bai manta ba.

Rannan da hantsi ina shara sai na ji "bum!" Na ruga kicin: kumfa har silin, 'yata zaune a tsakiya tana tafi tana lasar hannu. Warin kuwa, wallahi irin wanda muke toshe wa hanci in mun bi ta bayan gidan burukutu a garinmu. Giya, a ƙasar nan! Har na hango 'yan sanda sun ƙwace iƙama, takardar izinin zamana, sun tura ni mota, 'yata tana tsala kuka a hannun wasu. Na rufe tagogi, na cika gidan da turaren wuta, na rungumo sauran robobin da suka kumbura kamar masu ciki wata tara, ina sanɗa zuwa banɗaki ina salati. Ɗaya ta fashe a ƙirjina.

Sai na ji ana buga ƙofa. Na je na buɗe. Ashe Hajja ce, hayaƙin turaren ya janyo ta.

"Ya binti, 'yar nan, gobara ce?" Ta shaƙi iska, ta dube ni jiƙe sharkaf, sai ta zube a bakin ƙofa tana dariya har da hawaye.

"Hajja, ki rufa mini asiri, kama ni za a yi!"

"Wa zai kama ki, ya miskina? Kakata da sayar da subiya ta tsufa, ita ma ta sha fashe mata. Ai subiya da giya uwarsu ɗaya, ita dai subiya ba a barinta ta daɗe a zafi."

"To yarinyar fa? Ta lasa!"

"Ita lafiyarta ƙalau, ke ce dai kamar kin bugu. Shi ke nan, yalla, maza kawo tsumma."

Muka zubar da sauran, muka wanke kicin, da mun haɗa ido sai dariya, ga azumi a baki.

Tun ranar, duk abin da za a koya mini, ba na tsayawa a yadda ake haɗa shi. Sai na tambayi abin da yake komawa in an bar shi.