Takardun da Aka Cike a Zaure: Tunawa da Malam Habibu

Yau shekara goma sha takwas ke nan da muka kai ƙanena Malam Habibu makwancinsa. An ce tsufa yana sanyaya zuciya. Tawa ba ta sanyaya ba, kuma ina so masu karatu su san dalili.

Habibu malamin lissafi ne. Yana da shekara hamsin, lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ya koma ɗalibi domin ya koyi wani reshe na ilmin ƙididdiga, wanda ake tambayar mutane kaɗan a yanke hukunci a kan jama'a duka. Sai da ya fara da koyon inda haruffa suke a jikin kwamfuta, da yatsa ɗaya, kafin ya kai ga manhajar da ke yin lissafin. Na yi masa ba'a ƙwarai. Na ce da shi wannan ai duba ne da lantarki. Ya ce, "Yaya, kai da kake sayen gero a buhu, kana ƙirga ƙwayoyinsa? Hannu kake zurawa ka ɗebo. Abin da nake koya shi ne a zura hannun har ƙasa, kada a tsaya a bakin buhu inda mai kaya ya zuba mai kyau."

A wannan zamanin ne aka kafa wani kwamiti domin ya duba ko za a gina ɗakin haihuwa a wani fili da ke unguwarmu a Shahuci. Sababbin shugabanni suna son a ce da ilmi suke aiki, saboda haka aka buga takardun tambayoyi ga matan aure, aka ba samari suka zaga gida-gida, aka ɗora wa Habibu aikin lissafi. Ya shigar da amsoshin, kwamfuta ta ba da hukunci: mata sun fi son haihuwa a gida, kuma rinjayen ya wuce a ce dace ne.

Da wani malamin ne, da ya sa hannu ya huta. Habibu kuwa ya zauna yana juya takardun, har ya lura cewa amsoshin sun yi kama da juna fiye da kima. Ya kira samarin ya tambaye su inda suka zauna da matan. Ashe ba su ga mace ko ɗaya ba. Namiji baligi ba ya shiga gidan wani a cikin birni, kowa ya san haka, sai dai wanda ya tsara aikin bai tuna ba. Sallama suke yi, maigida ya fito zaure, ya amsa a madadin iyalinsa. Ni kaina haka na yi. Na amsa tambayoyin nan duka a kan tabarmata, ban ko leƙa ciki ba, domin a ganina na san gidana.

Ya roƙi kwamitin wata guda ya sake aikin da ɗalibai mata. Shugaban ya ce, "Malam, inji ya riga ya yi magana. Ko kai ka fi shi sani ne?" Habibu ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka ba shi ya tauna. Ra'ayin maza muka auna, muka rubuta mata a kai." Ya ƙi sa hannu. Kafin mako ya zagayo an sami wanda ya sa, an cire sunan Habibu daga kwamitin, filin kuma ya zama jerin shaguna. Da aka yi ta cewa taurin kai ne ya ja masa, ni yayansa ban buɗe baki na kare shi ba.

Bai haƙura ba. Ya tara ɗalibansa mata, ya zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, suka shiga har tsakar gida suka tambaya. Hukuncin ya juye. Ya kai rahoton ofis-ofis, ba wanda ya buɗe shi, har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Da zai dawo yau ya bi ta wajen Ƙofar Kabuga, kusa da jami'a, da ya ga shagunan da ɗalibi yake miƙa taken bincikensa a mayar masa da lissafi gamamme, ba tare da an tambayi ɗan Adam ko ɗaya ba. Da ya ji ana cewa a matsa lambobin har sai sun ba da abin da malami yake so. Manhajar da shi ya yi shekara biyu yana rarrafe a gabanta, yanzu an mai da ita hatimin da ake buga wa ƙarya. Masu irin wannan takarda su ne suke zama a kwamitocin yau, su yanke inda za a haƙa rijiya da inda za a hana.

Bara 'yarsa ta kawo mini akwatin takardunsa. Babu suna a kan ko ɗaya, domin bai yarda a tona asirin mai amsa ba. Amma na ci karo da wata wadda mai amsar ta ba da labarin yadda aka tura surukarta a baro tana naƙuda, saboda mota ba ta shiga lungu, jaririn kuma bai zo da rai ba. Jikana ne. Na gane maganar mai ɗakina. A ƙasa ɗalibar ta tambaye ta ko ta taɓa gaya wa maigida tana son a gina ɗakin haihuwar, ta rubuta amsarta kamar yadda ta faɗa: "Bai taɓa tambayata ba."

Babu gini da sunan Habibu, babu littafi. Abin da ya bari shi ne muryar matan unguwa guda a cikin akwati, da gaskiyar da ta fito bayan an gama rabon fili. Ina fushi da shugaban nan, ina fushi da wanda ya sa hannu. Amma su takardu suka tarar a cike, kuma ɗaya daga ciki da bakina aka cike ta. Allah Ya jiƙan Habibu, Ya yafe mana mu da muka amsa abin da ba mu aka tambaya ba.