Duk Ranar Ɗaya ga Janairu Aka Haife Mu

Ina tsugune a ƙofar gida ina wanke babur Alhaji mai ɗakin gwajin jini ya kira ni a waya. Ko gaisuwata bai amsa ba. Ya ce wata mata ta kawo takardar gwajinta ta kafin aure, manja ya ɓata ta, tana so a sake buga mata. An buga. Tsohuwar ta ce AS, sabuwar ta ce AA.

"To wa ke ƙarya?" in ji shi. "Ni, ko kwamfutarka?"

Ni na rubuta manhajar da ke cikin kwamfutar nan tasa, shekara biyu kafin wannan rana. Aikinta ba wani mai yawa ba ne. Ma'aikaci ya shigar da sunan mutum da ranar haihuwarsa, in sakamako ya fito ya shigar, bayan kwana biyu mai jini ya dawo a danna maɓalli firinta ta fito masa da takarda. Amma yadda nake ji da ita a lokacin, sai ka ce ni na ƙera jirgin sama. Duk wanda na haɗu da shi a Azare sai na san yadda na yi na sako zancenta.

A wajenmu yanzu da wuya a ɗaura aure ba a ga wannan takarda ba. In ango da amarya duk AS ne, ana iya haifar yaro mai sikila. Ni kuwa ba a littafi na san sikila ba. Da ita ƙanwata ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya, kuma har yau ina jin yadda take kiran Inna in ƙasusuwanta suka motsa. Shi ya sa da Alhaji ya kashe waya na bar wankin babur na shiga ɗaki na kunna kwamfutata.

Kwana biyu na yi ina fama ni kaɗai. Na shigar da sunayen ƙarya, na buga, na goge, na sake. Komai na fita daidai. Na zagi firinta, na zagi wutar da ake ɗaukewa, na zargi ma'aikacin Alhaji da danna abin da bai sani ba, har na ɗaga masa murya a gaban mutane, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Abinci ya ƙi shiga. Abin da ke cina shi ne, in ta faru da mutum ɗaya, su nawa ne ke yawo da takardar ƙarya a aljihu?

Ranar Asabar bayan la'asar na ɗauki kwamfutata na nufi majalisa. Mu masu rubuta manhaja a garin ba mu da yawa, benci biyu ya ishe mu. A ƙofar shagon Malam muke zama, wani tsohon malamin lissafi da ya koma gyaran kwamfuta, wanda ya fara rubuta kod, wato umarnin da ake ba kwamfuta, tun muna wasan ƙasa. Akwai kuma wata 'yar Barno da ke aiki a wani ofis, ta fi mu duka kai, ta kuma fi mu baki. Da yake ni Bafulatani ne, tsakanina da ita ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Ga bawana ya iso," in ji ta. "Yau kuma wace saniyar ce ta shiga cikin kod ɗin?"

Na zauna na faɗa musu abin da ya faru.

Malam yana da wata ƙa'ida da na daɗe ina jin haushinta. Duk wanda ya kawo matsala, ba mai taɓa masa kwamfuta, shi ma ba ya taɓawa. Zai harɗe hannuwa, ya karanta kod ɗinsa layi bayan layi da ƙarfi, yana faɗin abin da kowane layi ke yi da Hausa, kamar yana yi wa kakarsa bayani. Na ce, "Malam, don Allah yau a bar wannan, ku duba min kawai. Rayuwar mutane ce."

Ya ce, "Shi ya sa za ka karanta. Harɗe hannu."

Na fara. Nan ana buɗe rumbun bayanai. Nan ana karɓar suna. Nan ana duba ko an bar gurbi. Na yi ta tafiya har na zo kan wani layi da nake alfahari da shi, wanda na ƙara lokacin da Alhaji ya yi ƙorafin mutum ɗaya na samun fayil biyu in ya zo sau biyu. Na ce, "Nan kuma, in sunan mutum da sunan mahaifinsa da ranar haihuwarsa sun zo daidai da na wani da ke ciki, to shi ne ya dawo, sai a ɗora sabon sakamako a kan tsohon."

Zan wuce, Malam ya ɗaga hannu.

"Ɗana, kai yaushe aka haife ka?"

Na ce, "Ɗaya ga Janairu."

"Wa ya gaya maka?"

Ba wanda ya gaya min. Inna dai ta ce da damina ne, gero ya fara fitar da kai. Ranar da aka kai ni firamare hedimasta ya dube ni, ya ƙiyasta shekara, ya rubuta ɗaya ga Janairu, kamar yadda ya rubuta wa duk wanda ke layin.

Malam ya juya ga 'yar Barno. Ta ce, a hankali, "Ɗaya ga Janairu." Ya tambayi sauran biyun da ke zaune. Ɗaya kaɗai ke da wata rana daban, shi ma don mahaifinsa ma'aikacin asibiti ne. Shi kansa Malam ɗaya ga Janairu ne. Ga kuma sunayenmu. A aji guda sai ka sami mutum biyar masu suna ɗaya, uku a cikinsu har sunan uba ɗaya. Na san wannan tun ina yaro, da lamba ake bambanta mu a aji. Amma na zauna da hannuna na koya wa kwamfuta cewa mutum biyu ba za su haɗa suna da ranar haihuwa ba. A ƙasarmu ta Katagum! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na jira 'yar Barno ta yi min dariyar da za ta shekara tana yi. Ba ta yi ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Ta jawo kwamfutar gabanta ta ce, "Gyaran layin ba shi ne abin ji ba. Su wa aka riga aka ba takardar da ba tasu ba? Alhajin yana rubutawa a littafi?"

Yana rubutawa. Na sha yi masa ba'a a kan babban littafin nan nasa mai baƙin bango, ina ce masa zamani ya wuce shi. Washegari da safe muka taru a ɗakin gwajin. Ita ta rubuta ɗan kod da ya zaro duk fayil ɗin da aka taɓa ɗora wa sakamako sau biyu, ni ina kiran suna, Malam na bin littafin da yatsa. Fayil tara suka fito. Na riƙa addu'a a kan kowanne kamar mai jiran haihuwa. Wasu da gaske mutum ɗaya ne ya dawo. Wasu mutum biyu ne amma jininsu iri ɗaya. Wasu sun karɓi takardarsu tun kafin takwaransu ya zo, kamar matar mai manja. Saura ɗaya. Wani saurayi daga Gadau ya ba da jini ranar Litinin, littafi ya ce AS. Ranar Talata takwaransa daga Misau ya zo, AA. Ranar Laraba na Gadau ya dawo ya karɓi takarda. Wata bakwai ke nan da suka wuce.

Na kira lambarsa ya fi sau ashirin, a kashe. Alhaji ya zauna ya dafe kai. Malam ya ce wanda ya rubuta layin shi zai je, amma ba zai je shi kaɗai ba. Ya naɗe babbar rigarsa ya hau bayan babur ɗina. Duk tsawon hanyar abu ɗaya nake maimaitawa: Allah ya sa an ɗaga bikin, Allah ya sa sun ɓata, Allah ya sa amaryar AA ce.

A gona muka same shi yana noman gero. Ya tarbe mu da fara'a, ya shimfiɗa mana buhu a gindin ƙuka. Da na ambaci takardar sai ya yi murmushi ya zaro ta daga aljihu. Har leda ya sa aka manna mata. Ya ce yarinyar da ya nema AS ce, mahaifinta ya rantse in shi ba AA ba ne ba aure. Ranar da ya karɓo takardar bai ko je gida ba, gidansu ya wuce.

"An ɗaura?" na tambaya.

"Wata shida ke nan. Iyalin ma na da juna biyu."

Ban san yadda na yi na faɗa masa ba. Na dai san na ce ba kuskuren masu gwaji ba ne, nawa ne. Ya daɗe yana kallon takardar. Bai zage ni ba, da ya mare ni ma da ya fi min sauƙi. Ce min kawai ya yi, "To Malam, yanzu me kake so in yi?" Malam ne ya yi masa bayani a tsanake, cewa ba kowane ciki ke zuwa da cutar ba, a je asibiti, in an haihu a gwada yaron da wuri.

Gyaran manhajar bai kai minti goma ba. Na ba kowane mai jini lambarsa, na cire wancan layin. Na harɗe hannu na karanta sabon a majalisa ba tare da an ce in yi ba, 'yar Barno ta bi shi sau biyu. Wata uku ta yi ba ta kira ni bawanta ba.

Da aka haihu, mutumin Gadau ya kawo jaririyar ɗakin gwajin Alhaji, ya ce kuma sai an kira ni. Ina tsaye ma'aikaci ya tambaye shi ranar haihuwa. Ya faɗi rana, ya faɗi wata, ya ƙara da cewa bayan sallar azahar ne, ya ce a rubuta daidai. Da sakamako ya fito na gwada shi da littafi sau uku kafin in danna maɓalli. AS. Na fita bayan ɗakin na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar ƙanwata.

Na ɗauka shi ke nan, na tsira. Makon jiya ya kira ni, muka gaisa, ya ce yarinya har ta fara gudu. Sai ya ce, "Malam, iyalin fa na da wani cikin."