Aron Sati Biyu

Na sami aikin ne a shekarar da muka koma unguwar Trikania, ni da Mama, cikin ɗaki da falo na haya. Kamfani ne mai sayar da fitilu masu aiki da hasken rana, ofishinsu yana Legas, suna neman masu jin Hausa da za su riƙa amsa kiran masu saye daga gida. Tun ina sakandare nake karanta ƙananan littattafan soyayya, saboda haka da na ji an ce daga gida, hoton ya riga ya zo mini: ni a kan lallausar kujera, labule yana kaɗawa, kofin lemo a gefe, wani kyakkyawa ya leƙo yana roƙona kada in gajiyar da kaina.

Ta waya aka yi mini tambayoyin ɗaukar aiki. Matar da ke kula da ma'aikata tana da murya mai sauri, kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Can wajen ƙarshe ta ce, "Kina da kwamfuta, ko mu aiko miki?"

A gidanmu ba a karɓar abu a tayin farko. Ko yunwa na cinki, in aka ce ga abinci, sai ki ce kin ƙoshi. Mai gida ya sake cewa, ki ce kada ya damu. Sai a na uku ki wanke hannu. Haka na tashi na gani, haka Mama ta koya mini. Sai na ce, "Kada ku wahalar da kanku, Ma." Na tsaya ina jiran tayi na biyu.

Ta ce, "Madalla. Za ki fara ran Litinin." Na ji ƙarar maɓalli, ta wuce tambaya ta gaba.

Ba ni da kwamfuta. Wanda yake da ita shi ne saurayina, mai zanen gine-gine, yana da ɗan shago a Romi. Da kwamfutar yake zana wa mutane taswirar gida kafin a haƙa tushe, ita ce kayan sana'arsa gaba ɗaya. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya zare wayar kwamfutar daga bango ya naɗe ta, ya sa komai a jaka.

"Sati biyu kawai," na ce. "Zan gaya musu su aiko tasu."

"Riƙe, Madam ta Legas. Ai kafin kwamfuta da hannu muka koya."

A keke napep na rungume jakar har gida. Na ce a raina, ko a littafi ban taɓa ganin so irin wannan ba.

Ranar farko wani ma'aikacinsu ya kira ni, ya sa na danna nan na danna can, ya shiga kwamfutar daga can Legas ina kallon kibiya tana yawo ita kaɗai. Ya ce ya saka manhajar kamfani don tsaro. Ban tambaye shi me ya kulle ba.

Lallausar kujera ba ta zo ba. Teburin guga na Mama na shimfiɗa wa zani, na zauna a kujerar roba daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, kwana shida a sati. In aka ɗauke wuta, awa biyu batir yake yi. Sai in ɗauki kwamfutar in tsallaka titi wajen mai aski da ke da janareta, in zauna a bencinsa ina toshe kunne ɗaya da yatsa. Wani dattijo daga wani ƙauye yana faɗa a kunnena fitilarsa ta ƙi kamawa, ni kuma ina ba shi haƙuri da murya mai daɗi, gumi yana bin bayana, gashin mutane yana sauka a ƙafata. In sabis ya yanke a tsakiyar kira, sunana ne yake yin ja a allonsu. Da yamma bayana yakan riƙe, har sai Mama ta taka mini shi.

Sati biyu ya zama wata, wata ya zama huɗu. Kullum nakan ce gobe zan rubuta musu, kullum in ji nauyi. Mutanen da suka zaɓe ni cikin masu nema da yawa, in koma in ce musu abin da na faɗa ba haka ba ne?

Saurayina yakan zo ran Lahadi bayan an tashi coci. Ya gaida Mama, ya zauna, idonsa ya tafi kan teburin guga, inda kwamfutar take.

"Na zo gaishe ku, ke da ita. Tana cin abinci dai?"

"Tana ci. Wuta ce ba ta samu."

"Ki riƙa goge mata fuska, ba ta son ƙura."

Yatsunsa duk baƙin fensir, gefen hannunsa ya yi sheƙi. Ni kuwa abin burge ni yake yi. Ina ganinsa kamar jaruman da nake karantawa, masu wahala a ɓoye saboda wadda suke so. Ban taɓa tambayarsa ko masu ba shi aiki suna son zanen hannu ba. Shi ma bai taɓa cewa in dawo da ita ba; a gidansu ma ba a tambayar abin da aka ba wa mace.

A wata na huɗu aka yi taron ma'aikata ta bidiyo. Na ga wata abokiyar aikina ta Jos da abin magana a kunne mai tambarin kamfani. Bayan taro na kira ta na ce a ina ta saya.

"Saya kuma? Su suka aiko. Kwamfuta, abin kunne, na'urar intanet, har da batir mai riƙe wuta. Ke ba a tambaye ki ba?"

Na ce an tambaye ni. Na ajiye waya na zauna ina kallon bango. Duk da haka sai da na ƙara kwana goma ban rubuta ba.

Yayar saurayina ce ta kawo ƙarshen abin. Nas ce, ba ta da lokacin zagaye-zagaye. Ta zo wata Litinin da rana da kayan aiki a jikinta, ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa har na gama kiran da nake yi.

"Sannu da aiki, ƙanwata. Tambaya ɗaya na zo yi. Wa ya ɗauke ki aiki, kamfani ko ƙanena?"

"Kamfani, Anti."

"To me ya sa ƙanena ne yake ba da kayan aiki?"

Ta ce mutum uku sun karɓe aikinsu daga hannunsa, don yanzu ba mai kai zanen fensir ofishin neman izinin gini. Ta ce akwai wani Alhaji a Barnawa da zai gina shaguna, ya ba shi zuwa Juma'a, in bai kawo bugagge ba zai ba wani. "Shi ba zai faɗa miki ba, ko shagon zai rufe. Ni ce marar kunyar gidanmu, shi ya sa na zo."

Da ta tafi na gaya wa Mama komai, har da tayin da na ƙi. Mama tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Kamfani surukinki ne da za ki yi masa kara?"

"Ke kika koya mini, Mama."

"Na koya miki don mutane. Babanki ya yi shekaru a masaƙa a Kakuri, ba a taɓa tambayarsa ko yana da inji a gida ba. Ai tambayar ma ba ta kamata ba. Wanda ya ɗauki tela shi ke ajiye keken ɗinki."

Washegari na kira matar ofis. Na faɗa mata gaskiya, kwamfutar aro ce, mai ita yana bukata. Ta ce takardata ta nuna ina da tawa, kuma an gama rabon kaya.

"Ma, na ɗauka za ki sake tambaya."

Ta ce, "Me zai sa in sake? Kin ba ni amsa."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, ta ma ce ta tausaya mini. Za ta sa sunana cikin waɗanda za a aiko wa idan sabbi sun iso. Yaushe? Ba ta sani ba. Kafin nan, in ba ni da kwamfuta, za a ba wata lokutan aikina. Ta ce in yi tunani zuwa gobe.

Ban yi wani dogon tunani ba, gajiya ta riga ta yi mini. Ran Laraba da safe na sa kwamfutar a jakarta na hau keke zuwa Romi. Na same shi a sunkuye kan babbar takarda, ya danne gefunanta da duwatsu. Ya ga jakar, ya gane yayarsa ce ta je wurina.

"Wannan matar," ya ce. "Wata rana sai na yi mata allura da kaina."

Ya buɗe, ya danna manhajar zanensa. Ta ƙi. Ya sake, allo ya ce sai da izinin kamfani. Na kira ma'aikacin nan na Legas, aka ce yana taro. Na kira bayan awa ɗaya, aka ce ya fita cin abinci. Muka zauna a shagon, fanka ba ta juyawa. Ya sayo mini ruwan leda da gyaɗa. Sau biyu Alhajin ya kira, sau biyu ya ce, "Ana kai, ranka ya daɗe."

Sai wajen ƙarfe uku mutumin ya amsa. Ya ce in ya cire manhajarsu, an rufe shafina na aiki ke nan, na sani? Na ce na sani. Kibiya ta sake yawo ita kaɗai na minti kaɗan, sannan ta tsaya.

Saurayina ya ja kujera. Layukan farko suka fito a allo, farare a kan baƙi, ya matso da fuskarsa kusa, ya manta ina wurin. Na zauna a benci ina jin bayana yana zogi. Babu kiran da zan amsa, ban kuma san abin da zan yi da hannuwana ba.

Ya kai zanen ran Juma'a da safe, Alhajin ya karɓa. Ni kuwa na jira kwamfutar kamfani sati bakwai ina leƙa titi duk sanda mota ta tsaya a ƙofar gida. Abin da ya zo a ƙarshe saƙo ne na layi uku, suna gode mini, suna cewa an cike gurbina. Na karanta wa Mama, ta ce in naɗe zanin da ke kan teburin, tana da guga.