Man Shanu a Izgar Kawu

Jiya jikata ta kawo mini wayarta in ga wasu makaɗa. Ta ce mutanen Meksiko ne. Maza goma sha, da manyan malafu, suna busa ƙahonin ƙarfe, ganga na bi, mutane na rawa biyu-biyu. Ita dariya take yi. Ni kuwa da na ji wannan busa sai ƙanshin man shanu ya taso mini, na ce ta kashe.

Ina da shekara goma ko kusa da haka, zamanin Nasara na Dogon Dutsi. Kawuna, wan innata, shi ne mai gogen garinmu, babana kuma mai kalangunsa. Bayan kaka, in an gama ɗaurin gero, ba bikin da za a yi daga Kiyeshe har Kore Mairuwa ba a kira su ba.

Sai wani tsohon soja ya dawo daga yaƙin Nasara da begila da ƙaramar ganga mai ƙara. 'Yan mata suka haukace a kan sabon kiɗan. Kawu ya ɗauki sojan a madadin babana. Ran kasuwa, a gaban mahauta, ya ce wa babana: "Mijin ƙanwata, hannunka ya tsufa. Je ka kaɗa wa kaji."

Mahauta suka yi dariya. Baba ya rataye kalangu ya dawo gida. Ni ina nan da tallan fura a kaina, kuma ban manta ko fuska ɗaya ba.

Na yi wata biyu ina dafa abin a raina. Ɗiyar makaɗi ta san abin da wasu ba su sani ba: izgar goge da ƙaro take kuka, maiƙo kuwa ajalinta ne. Shi ya sa kawu ba ya taɓa goge in ya ci nama sai ya wanke hannu da toka.

Ranar sallar Nasara, bikinsu na shekara, aka kira kawu da sojan su yi wasa gaban kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu. Da hantsi kawu ya biyo gidanmu shan fura, ya jingine gogen a zaure. Na lakato man shanu a ƙwaryar inna, na shafe izgar gogen da ta bakan da ake jansa da shi, sama da ƙasa, na goge hannuna a zane.

Na bi su har fili. Soja ya busa, ganga ta ɗauka, aka saurara wa kawu. Ya ja baka, shiru. Ya ƙara ƙaro, ya sake ja, sai wani huci kamar na tsohuwar akuya. Kumandan ya yi dariya, gardi, ɗan sandan Nasara, ya ture kawu gefe da gindin bindiga. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin da na ji a ranar ko a aurena ban ji irinsa ba.

Izga ana sake ta a yini ɗaya. Abin da ban lissafa ba shi ne bakin mutane. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa doguwa ce ta kama gogensa, iskoki sun juya masa baya. Masu biki suka daina kiransa, 'yan bori ma haka. Da rani ya tafi Kabi. Inna ta rasu tana tambayar fatake labarin wanta.

Baba ya sani. A daren farko ya kama hannuna ya sunsuna, ya sake shi. Da aka zo roƙonsa ya riƙa bin sojan da kalangu, sai ya ƙi, ya ce shi ma hannunsa ya mutu.

Yau goge ya yi wuya a Arewa, kiɗa ya koma cikin waya. Jikata ta tambaye ni ko busar ce ba na so. Na ce ta sake kunnawa, ta zauna, akwai wani kakanta da ban taɓa ba ta labarinsa ba.