Kwanon 'yar fari

A gidan yayata da ke Sabon Layi, inda na zauna shekarun da nake aiki a Mubi, 'yan mata a kwano ɗaya suke cin abinci. Shi ya sa aka daɗe ba a lura ba. Kullum kwano yakan dawo babu ko loma. Ashe babbar 'yarta, mai shekara goma sha biyar a lokacin, tuwon kawai take juyawa a miya, ta tura shi gaban ƙannenta.

Asalinmu Fulanin Wuro Patuji ne, kuma yayata, wadda muke kira Adda, ta riƙe kunyar 'yar fari yadda ta gada. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta zama da ita a tabarma ɗaya. In tana son aikenta sai ta ce da ƙannen, "Ku gaya wa waccan ta kwashe shanya." Babu ƙiyayya a ciki, haka mahaifiyarmu ta yi wa babban wanmu. Mijinta direban motar shanu ne, yawanci yana hanyar kudu.

Yarinya ta rame har awarwaro ya daina tsayawa a hannunta. Tana saka rigar sanyi a tsakiyar bazara. An sha maganin taifot, an sha na olsa, an sha rubutu. Da ta faɗi a filin makaranta, farkon shekarar 2014, ni da Adda muka kai ta Yola.

Likitar mace ce. Ta gana da yarinyar ita kaɗai, sannan ta kira mu.

"Ba olsa ba ce, ba iska ba ce," in ji ta. "Tsoron abinci take yi. Tana ganin kanta da ƙiba, alhali ga ta nan yadda kuke gani. Kuma wannan ciwo yana kisa."

Na ce, "To a ba ta gado mana."

"In zuciyarta ta raunana zan kwantar da ita. Amma maganin a gida yake. Hajiya, a ware mata kwanonta. Ke za ki zuba, ke za ki zauna da ita har ta cinye. Ban da faɗa, ban da gori, kuma kada ki rage mata don ta yi kuka."

Adda ta sunkuyar da kai. "Likita, ta fari ce."

"Na gane. Mu ma muna da irinta a gida. Ki ajiye kunyar tukuna, in ta warke kya ɗauka."

Na ga yadda yayata ta fara wannan aiki. Takan shimfiɗa tabarma a ɗaki, ta zauna a karkace tana fuskantar bango, ta yi magana kamar da kwanon take. "A ci." In an jima, "A ƙara." Ni kuma nakan zauna a bakin ƙofa da nawa kofin kunun gyaɗa don kada shirun ya yi yawa.

"Kawu, ka gaya mata na ƙoshi."

"Ni yau na ajiye aikin ɗan aike. Ga ta nan gabanki."

"Kai ma ai dubi tumbinka."

"Da gumina na same shi. Sha kununki."

Wata rana yarinyar ta yi jifa da kwanon, miyar yakuwa ta wanke bango. Adda ta tashi ta share, ta sake zubo wani daidai da na farko, ta koma ta zauna. Kafin damina ta ƙare kumatun yarinyar sun soma dawowa, Adda kuma ta soma juyowa tana dubanta. Har na taɓa jin su suna dariya, ban san a kan me ba.

Sai mahara 'yan bindiga suka shigo Mubi a ƙarshen wannan shekarar. Muka fita a ƙafa kamar kowa, ta daji, muka ɓulle Yola, gidan wani ɗan'uwanmu. Gidan ya cika da mutanen da suka gudo, dangi da waɗanda ba dangi ba. Aka koma zuba abinci a manyan faranti, yara da yawa kan ɗaya. Kowa ya rame, don haka ramar yarinya ɗaya ba ta ɗauki idon kowa ba.

Wata rana da azahar an zuba shinkafa da wake a tsakar gida. Akwai wata tsohuwa daga Michika da ke zaune kusa da farantin yara. Ta ɗaga murya tana yabo da irin Hausarta: "Ku duba wannan yarinya, yana da kirki. Kullum yana ba ƙanana nasa. Allah ya yi masa albarka." Mata suka amsa da amin.

Adda tana bakin murhu. Ta ajiye ludayi, ta kira sunan 'yarta da ƙarfi, a gaban kowa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ta cika kwano, ta dire shi gaban yarinyar.

"Na fito da ke daga bakin bindiga, ba za ki mutu mini a kan shinkafa ba. Ci!"

Daga ranar haka aka yi ta yi. Babu ɗakin da za a keɓe, Adda kuma ba ta da sauran haƙurin da take da shi a Mubi, ga fargaba, ga mijinta da ba a ji ɗuriyarsa ba sai daga baya. Abin da likita ta hana, shi aka koma yi: tsawa safe da rana da yamma, mutane suna kallo, yarinya tana haɗiya tana hawaye. Wasu matan suka riƙa cewa Adda ba ta da tausayi. Na sha tunanin yadda abin zai kasance da an bar su a ɗakin nan na Sabon Layi, ko da na wata damina ɗaya.

Yarinyar ta ci, ta rayu. Bayan mun koma gida likitar ta ci gaba da dubanta jefi-jefi, a hankali aka mayar mata da zuba abincinta da kanta. A 2017 ta samu kwaleji a Yola, ni na raka ta. A mota ta ce, "Kawu, ka san ban taɓa jin ta kira sunana ba sai cikin faɗa?" Na ce mata dalilin faɗan ai ta sani. Ta ce ta sani, amma duk da haka.

Da na dawo na gaya wa Adda, tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba.

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce."

Ta daɗe tana tsincewa, sannan ta ce, "Tana da ran da za ta yi ƙorafi. Bar ta ta yi."