Faten Achar Kaka Saratu

A gidan hayar da muka tashi a Sharaɗa, jiniyar kamfani ce agogonmu. In ta yi kukan yamma, mahaifiyata ta ɗaura ɗankwali ta nufi kamfanin robobi, mahaifina kuma a lokacin bai dawo daga masana'antar fata ta Challawa ba. Tsakanin fitar wannan da dawowar wancan, mu 'yan Kaka Saratu ne. Mahaifiyar babana ce, daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna aka ɗauko ta bayan rasuwar mijinta, kuma har ta bar Kano ba ta yarda da risho ba. A cewarta abincin risho ba ya jin hannun mai dafa shi. Don haka kullum akwai murhun duwatsu uku a bayan ɗakinmu, jikin katangar kamfani.

Da an ci tuwo, kafin garwashin ya mutu, yaran gidan duka sai su taru. Har da 'ya'yan Inna Hajara, maƙwabciyarmu 'yar asalin Sharaɗa, waɗanda kan zo da zarar an idar da sallar magariba. Kaka ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Ga ta can tana tahowa." Mu ce, "Ta iso lafiya." In ta gama kuma ta kakkaɓe zaninta ta ce wanda ya ji ya riƙe, kowa ya kama gabansa.

Akwai wata tatsuniya da ba ta yin ta sai lokacin girbi. Wai tsuntsaye ne suka sa ranar bikin godiya, aka ce kowa ya kawo abin da ya samu. Shaho ya yi alkawarin nama, zalɓe ya ce kifi, aku ya ce zuma. Kurciya ba ta da komai sai acha, wadda ta yi ta tsinta ƙwaya ɗaya-ɗaya a gonakin da aka girbe har ta cika ɗan ƙoƙo. Ranar biki fiffikenta na ciwo, sai ta ba 'yarta ta kai. 'Yar ta hango abin da sauran suka ɗauko, kunya ta kama ta, ta juye achar a rafi, ta koma gida ta ce an cinye tas. Washegari uwa da 'ya suka je shan ruwa, sai wani kifi ya ɗago kai ya yi wa kurciya godiyar achar jiya, ya ce bai taɓa cin mai daɗinta ba. Nan muka fi so. Kaka takan kumbura kumatu ta yi muryar kifin, mu yi ta birgima a ƙasa don dariya. Ni na fi kowa zagin 'yar kurciyar, har ina cewa da ni ce uwar sai na fige ta.

A cocinmu ma ana bikin godiyar girbi, ko da yake yawancinmu ba mu da gona sai albashi. Bayan sujada akan jera tukwane a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Akwai shinkafa dafa-duka mai kaji, wadda matan manyan ma'aikata kan kawo a kula, akwai waina da miyan taushe, akwai dankalin mutanen Filato da aka soya da ƙwai. Ni dai shinkafar nan ce raina, tun ana wa'azi nake jin ƙamshinta. Amma ba a taɓa ko ɗaya sai an buɗe tukunyar matar da ta fi kowa tsufa, fasto ya yi addu'a a kanta, ya ɗanɗana. Shekara uku ke nan tukunyar Kaka ce.

Faten acha take kawowa. Ƙaninta ne ke aiko mata da sabuwar acha daga gonar marigayi mijinta, ta hannun wani direban babbar mota da ke sauke kaya a Dakata. Kwana biyu take yi tana rege ta don fitar da yashi, kwarya zuwa kwarya, idonta kamar zai faɗa ciki. Ta sa yakuwa, da gauta mai ɗaci, da gyaɗa, da daddawa, da ƙashin da ta tafasa tun asuba. Kuma ba ta kai ko ƙwaya ɗaya ta sabuwar achar bakinta sai an yi addu'a a kai. Ko gishiri ma Mama take kira ta ɗanɗana mata.

Shekarar da na cika sha biyu aka sa ni wata makaranta a Bompai, inda na haɗu da Jemima, 'yar wani manaja da muke coci ɗaya. Ina son Jemima ta so ni, so irin na wauta. Ita ce ta ce mini a bikin da ya wuce da aka buɗe tukunyar Kaka, ƙawayenta sun ce abin kamar wanda aka riga aka ci. Ta faɗa tana dariya, ni ma na taya ta, amma maganar ta zauna mini a ciki wata da watanni.

Ranar bikin, gwiwar Kaka ta kumbura, ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. Baba da Mama sun yi sammako don suna cikin masu shirya wuri. Sai Kaka ta naɗe tukunyar da sabon ɗankwalinta, ta yi mini gammo, ta ɗora mini a ka. Ta ce, "Rifkatu, yau ke ce ƙafata. Ki tsaya kusa ki ji addu'ar da kyau, ki zo ki faɗa mini."

A hanyar coci akwai wata babbar kwata da ruwan kamfanoni ke bi, yau ja gobe shuɗi. Ina isa wurin motar su Jemima ta wuce, na hango kuloli jere a baya. Na tuna za a kira sunan gidanmu, ni zan fita gaban kowa in buɗe murfin. Ban yi dogon tunani ba. Na duba gabas da yamma, na sauke tukunyar, na juye faten a kwata. Yana tururi ruwan ya tafi da shi. Na ɓoye tukunyar a bayan tarin bulo, na je na ce wa Mama Kaka ta fasa girkin saboda ciwon ƙafa. Aka buɗe tukunyar wata tsohuwa. Na ci shinkafa faranti biyu a gefen Jemima, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi mini daɗi.

Na riga iyayena barin coci. Na ɗauko tukunyar, na tsaya a famfon bakin layi na wanke ta fes, ina ganin na yi dabara. Na ce wa Kaka an cinye tas, fasto har ƙari ya nema. Ta karɓa, ta buɗe murfin, ta daɗe tana kallon ciki. Sai ta rufe, ta ce an gode Allah.

Abin da ban sani ba, don ban taɓa tsayawa wajen kwashe kaya ba, shi ne tukunya ba ta komawa gida wayam. Matan zumuntar coci kan rage ɗan abin da aka yi wa addu'a a gindinta, su ƙara da cokali ɗaya daga kowace tukunya, don wanda bai samu zuwa ba ya ci albarkar. Wannan ragowar ce Kaka ke jira tun safe ba ta ci komai ba. Inna Hajara ce ta lura, ta kawo mata tuwon dawa da miyan kuka. Da su Mama suka dawo suna yi mata sannu da ƙafa, suna cewa an yi kewar fatenta, ina laɓe a bayan ƙofa. Kaka ta ce musu baɗi ma rana ce.

Da yamma muka taru a murhu, ta ɗauko tatsuniyar kurciya. Ban ɗaga kai ba. Ta zo har inda uwa da 'ya suka je rafi, ta ce suka sha ruwa suka koma gida. Sani ɗan Inna Hajara ya ce, "Kaka, kin manta kifin."

Ta ce, "Ban manta ba. Yau kifin bai ce komai ba. Uwar ta sani tun da ta ga ƙoƙon. Jira take 'yar ta faɗa da bakinta."

Sani ya ce, "To ta faɗa?"

Kaka ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Ban sani ba tukuna."

Ranar ba ta kakkaɓe zani ba, ba ta ce wanda ya ji ya riƙe ba. Yara suka watse suna gunaguni wai an cuce su.

Wata biyu muka ƙara yi tare. Tana yi mini kitso, tana ajiye mini ƙanzo, ko sau ɗaya fuskarta ba ta canza mini ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Sau da yawa na zauna kusa da ita da niyyar faɗa, sai in ce gobe. Da Kirsimeti ta tafi ƙauye ganin gida. Damina na faɗuwa aka aiko ta rasu.

Da ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce, kada ka yi ƙarya don za a tona ka. Sai da na girma na gane a yammar nan Kaka ta cire mai tonon da hannunta, ta rufa mini asiri gaban iyayena da yaran gida, ta bar mini abu ɗaya tak in yi. Ba faten ne ya fi damuna ba yanzu. Wata biyun nan ne.

Yau ina aikin jinya a asibitin wani kamfani a Bompai, kuma acha ta zama abin nema, likitoci ma cewa suke a ci. Duk bikin girbi nakan rege ta da kaina, in ɗauki tukunyar da hannuna, in buɗe ta gaban kowa. Layi ake yi a kanta. Takan dawo gida da cokalin shinkafa da waina a ciki, in rasa yadda zan ci.

Bara na yi wa 'yata Saratu tatsuniyar a kicin, irin yadda Kaka ta yi ta ƙarshe, babu kifi. Ta ajiye cokali ta tambaye ni ko 'yar kurciyar ta faɗa. Na ce mata ba ta faɗa ba, ta yi ta jira har uwar ta tafi. Saratu ta ce wannan tatsuniyar ba ta da daɗi. Na ce ta matso kusa, akwai saura, kuma ba ta kurciya ba ce.