Kunyar Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma abin da ya ci ni ke nan. A ƙauyenmu na ƙasar Zurmi uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, balle ya yabe shi gaban mutane.

Shekarar da muka gama firamare, wani Alhaji mai fataucin hatsi a Shinkafi ya ɗauki nauyin kai yaro ɗaya daga ƙauyenmu sakandare a Kaura Namoda, komai a wuyansa, har sabulun wanki. Hedimasta ya rako shi gidanmu, domin mu biyu ke gaba a aji: ni, sai ɗan Baffa, ƙanen Baba, wanda rabin lissafinsa a wurina yake kwafa.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, muka tsuguna bakin ƙofa. Alhaji ya dubi Baba ya ce, "Malam, cikin ɗiyan ga, wane ya hi ƙwazo?"

Baba ya nuna ɗan ƙanensa. "Wanga dai. Wancan ba shi da kai, sai ƙiriniya."

Kowa ya san kara ce. Abin da ya rage, Baffa ya ce, "Haba Yaya, naka za a ɗauka." Haka ake yi. Amma Baffa ya ƙura wa carbinsa ido kamar ranar ya fara ganinsa. Dattawa suka yi ta gyaran murya, Alhaji ya ɗan jira, sannan ya ce, "To, madalla."

Duk hutu sai ɗan Baffa ya dawo daga Kaura da farar riga da Turanci a baki, ni ina fama da ciyawar gero. Wallahi ko gaisuwarsa zafi take yi mini. Kuma ba shi da girman kai, har tsaraba yake kawo mini, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Yau shi ma'aikacin asibiti ne a Kaura, ni ina kabu-kabu a hanyar Kasuwar Daji. Bara ciwo ya kwantar da Baba, na ɗaure shi a bayana da zane, na kai shi can a kan babur. Baba na ganin ɗan Baffa, sai ya riƙo hannun likita ya ce: "Likita, ɗana ne wanga!"

Likita ya juyo gare ni. "Wannan fa?"

Baba ya kau da kai ya ce, "Shi ya kawo ni."